Injiniya Mai Keke da Ragar Teburin Yaya

A wani layi da masu sana'a suka jeru kafaɗa da kafaɗa, akwai mai gyaran keke da ya raɗa wa kansa suna Injiniya. Ba makaranta ce ta ba shi sunan ba, ba kuma jama'a ba. Wata safiya ce kawai ya tashi ya rubuta shi da fenti a jikin akwatin kayan aikinsa, daga nan ya daina waiwayowa idan aka ce Mai keke. A yi masa adalci, a ɗaurin ƙafar keke ba a ja da shi. Ka kawo masa ƙafar da ta karkace tana rawa, sai ya zauna ya bi wayoyinta ɗaya bayan ɗaya yana matsewa, yana kaɗa su da farce yana saurare, har ta miƙe sak. Abin da ya ɓata shi, daga wannan ɗan sanin ya ɗauka ya gano sirrin duniya gaba ɗaya. A wurinsa duk abin da ya lalace sako-sako ya yi, kuma magani ɗaya ne, a matse.

Wurin sana'arsa ƙarƙashin rumfar wani shagon aski ne, mai shagon kuwa yayan matarsa ne, kowa a layin Yaya yake ce masa. Matar ce ta yi ta zarya tana roƙo har Yaya ya matsar da benci ya ba mijinta gefe. Rumfar nan ita kaɗai ce inuwar kirki a layin, tsallakenta sai fili fetal da rana mai narka roba. Duk wanda tayarsa ta sace nan yake turowa, don ya san zai zauna a sanyi ya jira. In ba rumfa, ba masu kawo gyara, in ba su kuwa tukunyar gidan Injiniya ba za ta hau wuta ba. Sharaɗi ɗaya Yaya ya gindaya masa: sifana ba za ta tsallake bakin ƙofar shago ba. Yana da dalilinsa. An taɓa barin Injiniya da kujerar aski don tana ɗan ƙara, tun daga ranar ba ta sake juyawa ba, Yaya ne ke kewaya kan mutum da ƙafarsa.

A cikin shagon akwai dogon teburin wasa wanda ya fi askin kansa tara mutane. A can ƙarshensa ake jera 'yan katakai tara da aka sassaƙa kamar kwalba, shi ya sa ake ce musu kwalabe. Mai wasa zai tsaya a wannan ƙarshen ya gangara ƙwallon katako mai nauyi, girman lemo, a ga nawa zai kayar. Bayan kwalaben akwai sanda biyu, ɗaya a kowace kusurwa, da raga a tsakaninsu don ta tare ƙwallo da kwalaben da suka yi tsalle. Da tsumma aka ɗaure ragar a jikin sandunan, tsumman kuma ya gaji da duniya. Kullum sai ragar ta zame ta sauko gindin sanda kamar wandon da tazugensa ya tsinke.

Wata rana wata kwalba ta tsallake ta daki gwiwar hannun Yaya yana tsakiyar gyaran fuska, ya zaftare wa wani bawan Allah rabin gashin baki. Ga shi kuma a ƙarshen mako mahautan bakin kasuwa za su zo karawa da 'yan layin, kuma su ne suka lashe karon da ya wuce, suna ta yi wa Yaya dariya har yau. Yaya ya ajiye reza ya ce ya gaji, gobe zai kira kafinta ya yi wa ragar abin riƙo na gaske.

"Kafinta?" in ji Injiniya daga bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, sifana a ɓoye a bayansa. "Yaya, kana da injiniya a ƙofar shago ka tafi neman mai buga ƙusa? Ai wannan zagi ne a cikin dangi."

Yaya bai ko ɗago ba. "Kujerata tana gaishe ka."

"Kujerar nan tun da na taɓa ta, ka sake jin ta yi ƙara?"

"Ka sake ganin ta juya?"

Tela, wanda shagonsa ke manne da na Yaya, kuma ba abin da yake so a duniya irin ya ga an yi abin kallo, ya sa baki ya ce a gaskiya ana danne wa Injiniya basira a layin nan. Ya ce a wata ƙasa da tuni an sa hotonsa a jarida. Injiniya bai ji zolayar ba, yabon kawai ya ji. Ya koma gida ya ƙi cin abinci, ya kwanta ya juya wa bango fuska yana cewa dangin matarsa sun raina shi tun ranar farko. Matar ta san halin mijinta ciki da waje, tana kuma jin kunyar yayanta, amma tana son mutumin nan duk da ciwon kan da yake ba ta. Ta saka takalmi ta tafi. Da ta dawo ta zauna bakin gado ta faɗa masa saƙon Yaya yadda aka ba ta: ya yarda saboda ita, amma ko kofin ruwa ya fashe a shagon sanadiyyar aikin nan, Mai keke ya kwashe kayansa daga rumfa. Injiniya ya tashi zaune ya jawo kwanon abinci. Ya ce in aka gama aikin nan, da kansa Yaya zai ƙara wa rumfar faɗi.

Washegari ya tsallaka ƙofar da sifana a fili, yana kaɗa ta don kowa ya shaida. Ya daɗe tsaye gaban ragar yana girgiza kai, sannan ya sanar da masu jiran aski cewa ciwon ba na tsumma ba ne, ragar ce aka bari ta saba da lalaci. Ya yanke tsumman ya jefar. Ya zura wayar birki ta cikin idanun ragar, sama da ƙasa, ya kama ta a jikin sandunan da irin ƙarafan da ke riƙe hannun birki a kan keke. Ya ja, ya matse, ya kaɗa da farce, ya kara kunne, ya ƙara matsewa. Sai da ragar ta fara amsa masa da sauti irin na wayar ƙafar keke sannan ya ja da baya ya goge hannu a wando.

Tela aka ba gwaji, tunda shi ya fi kowa zuga. Ya gangara ƙwallo, ta kayar da kwalabe uku, ta daki raga. Ragar ta ƙi karɓa. Ƙwallon ta dawo ta hanyar da ta bi, da saurin da ya fi na zuwa, ta samu Tela a ƙasan cibiya. Ya naɗe a ƙasa yana neman numfashi.

"Kun gani ko?" in ji Injiniya yana duban jama'a. "Da sai an zagaya an ɗauko ta. Yanzu ita ke kawo kanta."

"Ka ce mata gobe ta yi sallama kafin ta shigo," in ji Tela daga ƙasa.

Yaya ya ce shi dai saninsa da raga riƙe ƙwallo take yi, ba rama duka ba. Injiniya ya yi murmushin tausayi, ya bayyana masa cewa ƙwallon ta dawo ne don har yanzu akwai ragowar sako-sako a wani wuri. Ranar da aka matse ragar yadda ya kamata, ƙwallo na zuwa za ta ga ba wasa, ta tsaya cak.

Da gari ya waye sai ga sandunan nan biyu sun sunkuyo sun kusa haɗa kai kamar masu gulma, ƙarfin waya ya lanƙwaso su, ragar kuwa ta yi ciki a tsakiya. Ranar an yi wasa mai daɗi. Ƙwallo ta zo ta faɗa cikin ragar ta kwanta lafiya, kwalabe su bi ta su kwanta, ba wanda aka buga, ragar kuma ba ta zame ba ko sau ɗaya. Masu wasa suka riƙa leƙowa rumfa suna yi wa Injiniya sannu da aiki. Har Yaya sai da ya ce ba laifi, wanda a bakinsa babban yabo ne. Da mutumin nan ya karɓi godiyarsa ya koma kan faci, da ba a samu labarin bayarwa ba. Amma da ya leƙa ya ga cikin nan da ragar ta yi, sai ya ji kamar an yi masa tsirara a kasuwa. A ce aikinsa, da sunansa a kai, yana lilo.

Ya jira Yaya ya fita cin abincin rana. Ya tumɓuke sandunan katako, ya yanko bututu biyu daga jikin wani mataccen keke, ya huda bakin teburin ya dasa su da noti. Ya ja waya, su ma suka fara sunkuyowa. Sai ya ɗaura wa kowane bututu wata wayar daga kansa, ya ja ta waje ya sauko da ita ƙasa, ya bi da su duka ta ƙarƙashin teburin tun daga wancan ƙarshe har zuwa inda masu wasa ke tsayawa. A nan ya kafa abin da ya kira zuciyar na'ura: faifan haƙora na bayan keke, da feda guda a jikinsa. Idan ka juya fedar gaba sai wayoyin su naɗu, faifan ya ce ƙas-ƙas-ƙas ya riƙe abin da ya samu. Baya kuwa ba ta zuwa ko kaɗan. Ya sa fedar a gaba ne ba don komai ba sai don a riƙa ganinsa lokacin da yake juyawa.

Tela ya zagaya teburin hannu a kan ciki, ya tambaya, "To ranka ya daɗe, idan ana so a sassauta fa?"

"Wa zai so a sassauta? Tun da nake sana'ar nan ka taɓa ganin wanda ya kawo mini keke ya ce in kwance masa?"

Yaya ya dawo ya ga ramuka a teburinsa, ya tsaya ya kasa magana, jijiyar wuyansa ta miƙe. Amma ba abin da ya fashe tukuna, kuma shi mutum ne mai riƙe alkawari ko da yana ci masa rai. Kafin ya buɗe baki Injiniya ya ja shi gefe ya yi ƙasa da murya. Ya ce Yaya ya duba da kyau, 'yan layinmu sun riga sun koyi jifa da kaucewa, mahauta kuwa ba su san komai ba. Mutum biyu ƙwallo za ta kwantar musu, sauran hannunsu ya fara rawa. Yaya ya san wannan maganar banza ce, amma dariyar mahauta tana masa ciwo, sai ya koma kan aski.

Haka 'yan layin suka shiga horo irin wanda ba a taɓa gani ba. Mutum ya gangara ƙwallo ya yi tsalle gefe. Wani ya jefa ya tsuguna. Tela ya ɗinka wa kansa 'yar katifa ya ɗaura a ƙarƙashin riga, ya ce shi ba a yi masa abu sau biyu. Masu jiran aski suka koma jira a waje, wanda ke kan kujera kuwa, tunda ba ta juyawa, sai ya riƙa bin ƙwallon da ido ta madubi yana addu'a.

A gida Injiniya ya riƙa lissafa wa matarsa garuruwan da za a zo daga cikinsu neman irin na'urarsa. Ya ce zai bar faci, zai sa a yi masa allo mai haske. Ta bar shi ya gama, sannan ta tambaye shi ko Yaya ya ga ramukan. Ya ce ya gani, kuma don mamaki ma kasa magana ya yi.

"Baban yara," ta ce, "rumfar nan da bakina na roƙo ta, sau biyu. Ba ni da baki na uku."

Ya ce ta kwantar da hankalinta, mata ba su san ƙarfe ba.

Ranar karawa shago ya cika har taga, masu kallo sun hau bencin rumfa suna leƙe ta saman kawunan juna. Mahauta suka iso a bayan babbansu, wani ƙato mai damtse kamar cinyar sa, wanda ake kira Babban Mahauci. Injiniya ya sha gogaggiyar riga, ya tsaya jikin fedarsa yana bayani tun ba a tambaye shi ba. Ya gayyaci Babban Mahauci ya juya ta sau ɗaya don ya ji daɗin aikin hannu. Mutumin ya juya, faifan ya ce ƙas-ƙas-ƙas, ya yi dariya ya ƙara. To ƙarar nan tana da daɗi a kunne, ba a musu. Duk mahaucin da ya shigo sai ya ce shi ma a ba shi. 'Yan layi suka ce ai ba za a fi su a gidansu ba. Wanda ya jingina da tebur yana hira ma sai hannunsa ya tafi kan fedar ba da saninsa ba. Injiniya yana tsaye yana jin kowane ƙas kamar tafi ake masa.

Teburin ya fara nishi, amma hayaniya ta hana a ji. Wayoyin da ke ƙarƙashinsa suna jan kansa da ƙafarsa zuwa wuri guda, tsakiyarsa kuwa tana tashi a hankali, har ya yi doro.

Wani mahauci ne ya fara jifa. Ƙwallon ta tafi da kuzarinta, ta fara hawa, ta rage gudu, ta tsaya a tsakiyar tebur kamar mai tuna ya bar wuta a gida, sannan ta gangaro ta dawo hannunsa. Shago ya ɗauki dariya. Injiniya ya ce wannan wani sabon amfani ne da bai ma so ya bayyana da wuri ba. Aka ce a sake. Tela ya je ya gyara jerin kwalabe, yana ɗauke hannu suka fara zamewa baya, ta farko ta ture ta biyu, kafin ya juyo duk taran sun kwanta a gindin raga ba wanda ya taɓa ƙwallo.

"Tara," in ji Babban Mahauci. "Mu ke da jifa, a rubuta mana."

"Wa ya jefa?" in ji Tela.

"Sai an jefa? Ganina suka yi."

Gardama ta kaure. 'Yan layi suka ce ba a cin wasa da kwarjini, mahauta suka ce dokar ta ce a ƙirga waɗanda suka faɗi, ba ta ce a tambaye su dalili ba. Yaya yana tsakiyar aske kan wani dattijo, ya gama ɓari ɗaya saura ɗaya. Ya ajiye abin aski ya ratso jama'a, ya durƙusa ya daidaita idonsa da bakin teburin. Ya ga doron. Ya miƙe a hankali ya dubi mijin ƙanwarsa.

"Sassauta."

Gumi ya keto wa Injiniya ta cikin gogaggiyar riga. Ya kama fedar ya tura baya, ta ƙi. Ya sa hannu biyu, ta ƙi. Ya ɗan yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Yaya, ai ba a yi ta don komawa baya ba."

"To yanke wayar."

Filaya tana aljihunsa, yana jin nauyinta a cinya. A wannan lokacin ya san abin da ya kamata ya yi, ya tuna rumfa, ya tuna fuskar matarsa a bakin gado, kuma tsoro ya kama shi na gaske. Amma 'yan layi da mahauta duk sun zuba masa ido, da waɗanda ke taga, da waɗanda ke kan benci. Ya yanke wayarsa da hannunsa a gabansu, gobe wa zai sake ce masa Injiniya? Sai ya gyara murya ya ce kowa ya natsu, wannan ciwon ya san shi tun yana yaro. Ƙafar keke ma haka take karkacewa idan ɓangare ɗaya ya fi ɗaya ɗauri, kuma ba kwancewa ake yi ba, ɗaya ɓangaren ake ƙara wa. Tela ya tambaya ina fedar ɗaya ɓangaren. Injiniya ya yi kamar bai ji ba, ya dafa feda guda tilo da yake da ita, ya danna da dukan nauyinsa.

Daidai nan haƙurin Babban Mahauci ya ƙare. Ya ce tunda tebur ya ƙi a gangara, shi zai aika saƙonsa ta sama. Ya ɗauki ƙwallon ya wurga ta da damtsen nan kai tsaye cikin raga.

Abin da ya biyo baya kowa da yadda ya ba da shi, don ba wanda ya tsaya kallo da ido biyu. Ƙwallon dai ta dawo, ta bi ta saman kawuna ta fice ta ƙofa, ta samu keken farko a jerin waɗanda ke jiran gyara a rumfa, shi kuma ya kwanta a kan na biyu, har zuwa na ƙarshe. Teburin ya yi wata ƙara kamar an karya ƙashi, ƙarshensa ya tsage daga inda aka huda. Bututun nan biyu suka tashi sama da ragarsu a tsakani. Ɗaya ya tafi ya sami babban madubin Yaya a tsakiyar goshi, madubin ya zube ƙasa gaba ɗaya. Ɗayan ya maƙale a bayan kujerar aski. Ragar ta sauko ta rufe Yaya da dattijon nan mai rabin kai, kamar kifi biyu da aka kama tare. Mahauta suka yi waje suna tattaka juna, Tela kuwa yana ƙarƙashin benci rungume da katifarsa.

Bayan haka ba a jin komai sai ƙafar wani keke da ke juyawa a waje da ragowar gilashi yana faɗowa ɗaya-ɗaya. Injiniya yana tsaye da feda a hannu, ta tsinko ta biyo shi. Ya dubi ɓarnar, ya dubi jama'a, ya taka a hankali zuwa inda bututun ya faɗi, ya ɗaga shi ya nuna wurin da ƙarfensa ya kama waya.

"Amma dai ku duba," ya ce. "Ragar ba ta zame daga sanda ba."

Gaskiya ya faɗa, ba ta zame ba. Sai da aka sa mutum uku kafin a zare Yaya daga cikinta. Yaya bai yi ihu ba, bai yi zagi ba, kuma wannan ya fi tsoratar da duk wanda ya san shi. Ya karkaɗe rigarsa, ya ba dattijon haƙuri, ya ɗauki abin aski ya ci gaba da ɗaya ɓarin kan a gaban bangon da ba madubi. Bai waiwayo ba ya ce, "Mai keke, kafin in gama kan nan, kada in ga ko noti ɗaya a rumfata."

A karon farko cikin shekaru, Injiniya ya amsa wannan sunan.

Ya kwashe kayansa zuwa tsallaken titi, gindin turken lantarki, inda inuwar ba ta fi faɗin tafin hannu ba. Ba wanda ya yi masa dariya, har Tela ne ya ɗauko masa famfo ya ajiye ya juya, kuma wannan ya fi masa zafi da a ce an yi ta ihu a kansa. Washegari rana ta take, sifana ta yi zafin da ba a riƙe ta sai da tsumma. Mutum biyu suka turo kekuna, suka dubi filin, suka dubi rana, suka wuce layi na gaba. Yana zaune a kan akwatinsa yana kallon rumfar, Yaya ya riga ya mayar da benci inda yake da can.

Wajen tsakar rana ya hango matarsa tafe, kwanon abinci a hannu ɗaya, ɗayan da wani abu a naɗe. Ya ɗauka za ta tsallaka wurin Yaya, ya kuma ji kunyar yadda yake fatan ta tsallaka. Ba ta ko dubi shagon ba. Ta ajiye kwanon, ta warware tsohon zanen gado, ta ciro igiya. Ta ɗaure kusurwa biyu a jikin turken lantarki, biyu a jikin wayar shingen da ke bayansa, ɗaurin da ake yi wa bakin buhu. Zanen ya sauko ya yi ciki a tsakiya har yana shafar hularsa. Inuwa ta rufe shi da akwatinsa da ɗan wurin da mutum ɗaya zai tsuguna ya jira.

Injiniya ya ɗaga ido ya dubi cikin nan. Hannunsa ya tafi aljihu da kansa.

"Ya ɗan yi sako-sako ta nan," ya fara. "Da za a samu wayar birki guda..."

"Baban yara," ta ce, tana buɗe masa kwano, muryarta ba ta tashi ba. "Wannan ce inuwar da ta rage mana."

Ya dube ta, ya ga idanunta sun kumbura, ya gane ba ta yi barci ba. Ya zaro hannun daga aljihu ba komai a ciki. Ya rasa inda zai sa shi, sai ya ɗaga cinya ya tura shi ƙarƙashi, ya tura ɗayan ma, ya zauna a kansu. Iska ta taso, zanen ya tashi ya sauko ya shafi kansa, ya runtse ido kamar mai haɗiye magani.

Daga tsallaken titi Tela ya leƙo ta tagar shagonsa, ya daɗe yana kallo, halinsa ya ci ƙarfinsa. "Injiniya, rumfarka tana lilo."

Injiniya bai ciro hannunsa ba.

"Haka aka ƙera ta," ya ce.